Afendis a cikin jakar ƙaba: a cire ko a mayar, a sa raga ko a yi ɗinki?

Gyaran ƙabar matsematsi na cikin ayyukan da likitan tiyata ya fi maimaitawa, har hannu yakan san hanya tun ido bai gani ba. A tsaga fata, a buɗe shimfiɗar tsokar waje, a ɗago igiyar maraina, a ware jakar ƙabar, wato aljihun tantanin ciki da ya leƙo ta inda bangon ciki ya raunana. Abin da aka saba tararwa a ciki kitsen ciki ne ko ƙaramin hanji. Amma a kusan mutum 1 cikin 100, da an leƙa sai a ga afendis, ɗan bututun nan mai toshasshen ƙarshe da ke rataye a farkon babban hanji. Daga nan aikin ya tashi daga na sabo, ya koma na yanke shawara da wuƙa a hannu.

Ana kiran wannan ƙaba da sunan Claudius Amyand, likita ɗan asalin Faransa da ya yi aiki a asibitin St George's na Landan. A watan Disamba na 1735 ya yi wa wani yaro ɗan shekara 11 aikin ƙaba, ya tarar da afendis a cikin jakar, fil ya huda shi, kashi na yoyo ta wurin. Ya cire shi, yaron ya warke, kuma wannan ne cire afendis na farko da aka rubuta wanda aka yi nasara. Wannan ƙaba ta fi samun maza, ta fi zuwa a dama, kuma ta fi yawa a yara ƙanana saboda hanyar da ɗan maraina ya bi ya sauka tun a ciki takan ƙi rufewa. Wadda afendis ɗin cikinta ya kumbura ta fi ƙaranci, kimanin 1 cikin 1000 na masu ciwon afendis.

Tambayoyin da ke gaban likita guda uku ne, kuma a ɗaure suke da juna: a cire afendis ko a mayar da shi ciki, a sa raga (saƙaƙƙen ƙyallen roba da ake shimfiɗawa don ƙarfafa bangon ciki) ko a gyara bangon da naman jikin mutum, a shiga ta matsematsi ko ta ciki da kyamara. Wanda ya amsa ta farko bai duba ta biyu ba, shi ne ke shiga matsala.

Kafin wuƙa: hannu, sikanin, ko CT

Ciwon afendis na yau da kullum yana farawa ne da toshewa daga cikin bututun. Na cikin ƙaba kuwa galibi matsi ne daga waje: wuyan jaka ya shaƙe shi, jini ya kasa komawa, ya kumbura, kumburin ya ƙara matsin, sannan ƙwayoyin cuta su samu wurin zama. Shi ya sa alamominsa ke ruɗa mutane. Zazzaɓi na iya zuwa, yana iya ƙin zuwa. Fararen ƙwayoyin jini na iya zama daidai. Abin da ya fi yaudara shi ne, afendis ba ya kan hanyar da kashi ke bi, saboda haka majiyyaci na iya yin bayan gida, ya fitar da iska, cikinsa bai kumbura ba, alhali abin da ke cikin jakar yana ruɓewa. Kumburi a matsematsi mai zafi, wanda ba ya komawa, fatar kansa ta yi ja, ya isa hujja ko da hanji na aiki lafiya lau.

Irin wannan kumburin ba a danna shi don a mayar. Idan aka yi sa'a ya ƙi shiga, an dai wahalar da mutum. Idan aka yi rashin sa'a ya shiga, an tura ruɓaɓɓen afendis da mugunyarsa cikin ciki, ciwon da ke tsare a jaka ɗaya ya bazu.

Abubuwan da ake rikita shi da su sanannu ne: shaƙaƙƙiyar ƙaba mai hanji, kaluluwa, kumburin bututun bayan ɗan maraina, da murɗewar ɗan maraina. Na ƙarshen nan shi ne mai gaggawa a yaro ko saurayi, domin bayan kamar awa 6 damar ceto ɗan marainan tana raguwa da sauri. Idan zuciyar likita ta karkata can, hoto ba shi da hurumin jinkirta shiga ɗakin tiyata.

Sikanin na da sauri, babu hasken da ke ratsa jiki, kuma shi ya dace da yara da masu juna biyu. Abin nema shi ne bututu mai toshasshen ƙarshe, wanda ba ya motsin hanji, yana shiga jakar. Idan faɗinsa ya haura milimita 6, ba ya lotsawa in an danna, jini ya yawaita a bangonsa, ruwa ya taru a gefensa, to ya kumbura. Rauninsa biyu: ya dogara da gwanintar mai riƙe da na'urar, kuma da wuya ya bi bututun har gindinsa, musamman a mai ƙiba ko inda iska ta cika hanji. Sau da yawa rahoton yakan ce "hanji a cikin ƙaba" ya tsaya nan.

CT, hoton da na'ura ke ɗauka na cikin jiki yanka-yanka, ya fi shi nuna gaskiya. Yana bin bututun daga farkon babban hanji har cikin jakar, kuma yankan tsaye ya fi na kwance nuna wannan, don haka a nemi a duba shi musamman. Wata alama da ke ankarar da mai karatu ita ce ganin farkon babban hanji ya sauko ƙasa sosai, ya kusanci ƙofar ciki ta ƙabar. Faɗin afendis kaɗai ba abin dogaro ba ne a nan, tunda matsi na sauya shi. A duba kaurin bango, dusashewar kitsen da ke kewaye, ruwa, da iska a wajen bututu, wadda ke nufin ya fashe. CT kuma yana nuna abin da ke faruwa a sauran ciki: taruwar mugunya, ƙari a babban hanji. Illarsa ga jiki ita ce hasken, da ruwan da ake ɗurawa ta jijiya, wanda ke buƙatar a san lafiyar ƙoda tukuna.

Ra'ayinmu a nan a fili yake. Ƙabar da ta nuna alamun shaƙewa tiyata take buƙata ko mene ne a cikinta, hoto ba zai sauya wannan ba. CT na da amfani ga tsoho, ga mai ƙiba, ga wanda cikinsa ma ke ciwo, da wanda labarinsa bai zauna daidai ba, domin a waɗannan ne sanin abin da ke ciki ke sauya wurin da za a tsaga. Har yanzu mafi yawan ƙabar Amyand a kan gadon tiyata ake gano ta, kuma wannan ba gazawa ba ce. Gazawa ita ce shiga aikin ƙaba ta gaggawa ba tare da an shirya wa abin da ba a zata ba: a nemi izinin majiyyaci tun farko kan yiwuwar cire afendis, yanke hanji, buɗe ciki, da fasa sa raga. A ba da ƙarin ruwa, a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta cikin minti 60 kafin tsaga. Ga babba, sefazolin giram 2 ya wadatar a aiki mai tsabta. In akwai zaton kumburi a haɗa da metronidazol miligiram 500, domin ƙwayoyin babban hanji da ba sa son iska. Allurar kashe wuri kaɗai ta isa gyaran ƙaba na talaka, amma jan gindin hanji a ƙarƙashinta yana sa ciwo da tashin zuciya, gara allurar baya ko ta barci.

Lafiyayyen afendis: nan gizo ke saƙa

A 2008 likitoci biyu, Losanoff da Basson, sun raba wannan ƙaba gida huɗu, kuma har yau rabon nasu ake fara ambata. Na ɗaya, afendis lafiyayye. Na biyu, ya kumbura amma ciwon bai fita daga jaka ba. Na uku, ciwon ya kai bangon ciki ko cikin cikin. Na huɗu, akwai wata cutar daban a ciki tare da shi. A gida na biyu zuwa na huɗu babu mai jayayya cewa afendis zai fita. Gida na ɗaya, wanda kuma shi aka fi gani, shi ne ake ta ja-in-ja a kansa.

Masu cirewa suna cewa ga shi a hannu, me ya sa za a bar shi? Mutum 7 zuwa 8 cikin 100 za su yi ciwon afendis a rayuwarsu. Wanda ya daɗe a cikin jaka yakan manne da bangonta, kuma taɓa shi da ɓamɓare shi na iya tayar da kumburi bayan kwana kaɗan. Ga shi kuma ido ba ya ganin komai. Afendis na iya yin kyau a waje alhali kumburi ya soma a ciki.

Masu mayarwa suna duban raunin ne. Aikin ƙaba aiki ne mai tsabta, ba a buɗe hanji. Da zarar an yanke afendis, an buɗe ƙofar babban hanji, raunin ya sauka daga mataki na tsabta zuwa na mai ɗan gurɓata. Likita da yawa daga nan sai su ji tsoron raga, su koma ɗinki, alhali sananne ne cewa ƙaba ta fi dawowa bayan ɗinki fiye da bayan raga. Ke nan an cire abin da ba ya ciwo, an raunana gyaran abin da ya kawo mutum asibiti. Garin neman gira a rasa ido. Akwai kuma wata illa da ba a cika faɗa ba: kafin a kai ga gindin afendis sai an jawo farkon babban hanji ta ƙofar ciki, wani lokaci sai an faɗaɗa ƙofar, wato wurin da ake son tsukewa shi ake buɗawa.

Shekaru ne ke raba gardamar fiye da komai. Ciwon afendis ya fi kama mutane tsakanin shekara 10 da 30. Dattijo ɗan 65 ya wuce mafi yawan haɗarinsa, kuma bangon matsematsinsa ya saki, raga ce maganinsa. A mayar masa da afendis, a sa raga, a rufe. Saurayi ɗan 20 hujjar cirewa ta fi ƙarfi a kansa, kuma Losanoff da Basson da kansu sun bar wannan ƙofa a buɗe. A yaro ƙarami ba a sa raga tun asali, ɗaure jaka daga sama ne gyaran, don haka hujjar raga ta faɗi. Amma likitocin yara da yawa suna barin lafiyayyen afendis, musamman ga yaron da ke da matsalar mafitsara ko laka, domin ana iya buƙatarsa nan gaba a yi bututun fitar da fitsari, aikin da ake kira Mitrofanoff.

Akwai halaye uku da muke ganin cirewa ta fi ko da afendis bai kumbura ba. Idan a ƙabar hagu aka same shi, abin da ke nuna hanjin mutum bai zauna yadda aka saba ba, ko farkon babban hanjinsa na yawo, ko kayan cikinsa a juye suke. Ciwon afendis na gaba a irin wannan mutum zai zo a wurin da ba a zata ba, a makara. Idan wajen ɓamɓare shi an ji wa shimfiɗar da ke ɗauke da jijiyar jininsa, ko launinsa ya ƙi dawowa bayan an saki matsin an lulluɓe shi da auduga mai ɗumi na wasu mintuna. Jijiyar afendis galibi guda ce, ba ta da mataimakiya. Sai kuma idan an ji tauri ko ƙullutu a bakinsa.

A kula da wata siffa: wani lokaci afendis ba a cikin jaka yake kawai ba, shi da shimfiɗarsa su ne ɓangaren bangon jakar, sun zamo ne tare da ita. Wanda ya yanke jakar a makance ko ya soke wuyanta da allura zai huda hanji ko ya ɗaure jijiya. A buɗe jaka ta gaba inda take sirara ana ganin ta, a duba, sannan a yanke abin da ya rage, a mayar da sauran ciki.

Hanya ta uku ita ce a cire lafiyayyen afendis kuma a sa raga a zama ɗaya. Ana yin haka, kuma rahotannin da aka tara na majiyyata sun nuna yana tafiya lafiya in an kiyaye tsabta. Sharaɗin shi ne a ɗauki aikin a matsayin ayyuka biyu: a kewaye rauni da auduga kafin yanke afendis, a ajiye kayan da suka taɓa shi gefe, a rufe tantanin ciki, a wanke da ruwan gishiri, a sauya safar hannu, sannan a buɗe ragar daga ledarta.

Idan ya kumbura: yadda ake cirewa, da abin da ke lalacewa

Da an buɗe jaka, a zuƙe ruwan cikinta a aika ɗakin gwaji a nemo ƙwayoyin cutar da ke cikinsa. A kama afendis da makami mai laushi kafin a saki wuyan, domin da matsin ya tafi yana iya suɓucewa ya koma ciki. In ƙofar ciki na buƙatar faɗaɗawa, a tsaga ta sama da gefe, nesa da tsakiya, saboda jijiyoyin jini na ƙasan bangon ciki suna bin gefenta na tsakiya. A bi layukan tsoka uku na babban hanji har inda suka haɗu; nan ne gindi. A ɗaure shimfiɗar da zare mai narkewa lamba 2-0, a murƙushe gindin, a ɗaure, a yanke, kada kututturen ya wuce milimita 5.

Ga kuskuren da akan yi a nan. Ta ƙaramar ƙofa ana ganin baki da tsakiyar afendis sarai, gindi kuwa yana can sama a ɓoye. Likita ya ja, ya ga ya daina zuwa, ya ɗaure inda hannunsa ya kai. An bar dogon kututture, wanda zai iya sake kumbura bayan watanni ko shekaru a jikin mutumin da aka gaya wa an cire masa afendis. Ko kuma a ja da ƙarfi har gindin da ya riga ya yi laushi ya yage, kashi ya zuba a inda ba a gani. In gindi ya ƙi zuwa, ba a ja. A yi tsaga ta biyu a ƙasan ciki ta dama, ko a sa kyamara.

Yanzu sai batun bango. Ragar da aka fi amfani da ita ta polifurofilin ce, wani nau'in roba, kuma a salon Lichtenstein, wato gyara da raga ta tsagar matsematsi, ana shimfiɗa mai kimanin santimita 7.5 da 15, ta zarce ɗan tudun ƙashin mara da kamar santimita 2. Haɗarinta a gurɓataccen wuri shi ne ƙwayoyin cuta suna manne wa zarenta su lulluɓe kansu da wani yauƙi da magani ba ya ratsawa. Girman hujin raga na da tasiri: ƙwayar cuta ba ta wuce maikiron 1 ko 2 ba (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), ƙwayoyin jiki masu cinye ta sun ninka ta sau da yawa, don haka raga mai ƙananan huji maɓoya ce, mai manyan huji kuwa tana barin masu tsaron jiki su shiga. Ragar da ta kamu ba lallai ta nuna a makon farko ba. Takan zo bayan makonni ko watanni da ɗan rami mai tsiyayar mugunya wanda ba ya rufewa, kuma cire ta aiki ne mai wuya, domin ta riga ta haɗe da bututun maniyyi da jijiyoyin ɗan maraina.

To a gida na biyu me za a yi? Tsohuwar amsa ita ce babu raga ko kaɗan. Mu muna ganin gidan ya yi faɗi, gara a raba shi da ido. Afendis da ya yi ja kawai, bai fashe ba, ruwan jaka garau, nama a kewaye lafiya: raga mai manyan huji, mai zare guda, tare da magani, zaɓi ne mai hujja, musamman ga dattijo mai faffaɗan rami ko wanda ƙabarsa ta taɓa dawowa. Ruwa ya yi gurɓi, akwai mugunya, afendis ya yi baƙi ko ya huje, ko ana jin wari: babu raga. In an tsaya ana shakka, a bar ta. Ƙabar da ta dawo ana gyara ta a natse bayan watanni a wuri mai tsabta. Ragar da ta ruɓe sai ta ci aiki biyu ko uku. Mai ciwon suga da ba a daidaita ba, da mai shan maganin da ke danne garkuwar jiki, shakkarsu ta fi nauyi.

Ragar da aka yi da fatar dabba da aka wanke ana sa ta a gurɓataccen wuri, amma tana saki da lokaci. Mai narkewa gaba ɗaya kuwa ƙarfinta na tafiya cikin makonni, jinkirta dawowar ƙaba kawai take yi.

Gyaran ɗinki ma iri-iri ne. Salon Shouldice, wanda ya fito daga Toronto ta Kanada, shi ne mafi ƙarancin dawowa a cikinsu: ana tsaga bangon baya a ruɓanya shi hawa huɗu da zare marar narkewa. Sai dai yana son nama mai kyau da hannun da ya saba, kuma a kumburarren nama zare yanka yake yi kamar a danshin takarda. Bassini, na likitan Italiya tun shekarun 1880, ya fi sauƙi da sauri, amma yana jawo tsoka da ƙarfi zuwa jijiyar matsematsi. In an ga ja ya yi yawa a yi tsagar sassauci a rigar tsokar tsakiyar ciki. Desarda, daga Indiya, yana yanko ɗan zirin shimfiɗar tsokar waje ya shimfiɗa shi a bangon baya, babu ja sosai, amma sai shimfiɗar na da ƙwari. Ga saurayi mai ƙabar da ta bi ta ƙofar ciki, bangon bayansa da ƙarfi, tsuke ƙofar kaɗai da 'yan ɗinki ya isa, a bar abin da bakin ƙaramin yatsa zai shiga a gefen igiya. In an matse fiye da haka ɗan maraina ne zai biya. Ko wanne aka zaɓa, zare mai silili guda, ba saƙaƙƙe ba, domin saƙaƙƙen zare ma ƙaramar raga ce wajen ɓoye ƙwayoyin cuta.

Gida na uku ba aikin matsematsi ba ne kuma. A buɗe ciki ta tsakiya, a cire afendis, a kwashe mugunya, a wanke, a rufe ƙofar ƙaba da ɗinki mafi sauƙi. Naman da ya mutu a matsematsi ko jakar maraina a yanke shi har sai an ga jini, a bar fata a buɗe, a rufe bayan kwana 3 zuwa 5 in wurin ya yi kyau. A gida na huɗu, cutar ta biyu ce sau da yawa ke jan ragamar aikin.

Ta matsematsi ko da kyamara

Tsagar matsematsi ta fi dacewa idan fata ta yi ja, jaka ta sauka har maraina, ko ana zaton mugunya a cikinta, domin ana kwashe ƙazantar ta waje ba tare da ta ratsa ciki ba. Ita ce kuma ta majiyyacin da jininsa ya faɗi, ko zuciyarsa da huhunsa ba za su ɗauki hura iska a ciki ba.

Kyamara ta fi ta a abu guda mai muhimmanci: gindin afendis a fili yake, matsalar dogon kututture ta kau. Ana kuma ganin sauran ciki da ɗaya ɓangaren. Ana hura iska zuwa matsin milimita 12 zuwa 15 na ma'aunin mekuri, a sa ƙofar milimita 10 a cibiya da biyu masu milimita 5. Haɗarin yana wajen jawo afendis daga jaka: kumburarre ne, mai laushi, in aka ja bakinsa ya tsinke mugunya ta zuba a ciki, ko guntunsa ya rage a jaka. A riƙa jan shimfiɗarsa a hankali, mataimaki na turowa daga waje, a fitar da shi cikin leda.

Salon kyamara biyu ne. A TAPP ana shiga cikin ciki, a ga abin da ke jaka, a tsaga tantani a shimfiɗa raga mai santimita 10 da 15 a bayansa. Ga lafiyayyen afendis wannan ya yi daidai. Ga kumburarre kuwa, an buɗe wurin raga a fili ɗaya da ciwon. A TEP ba a shiga ciki sam, raga na zama a wajen tantani, amma ba a ganin abin da ke cikin jaka, don haka shi kaɗai bai dace da maƙalalliyar ƙaba mai zafi ba. Shi ya sa wasu ke haɗawa: a cire afendis da kyamara ta ciki, sannan a gyara ƙaba ta wata hanya da tantani ya raba ta da wurin ciwon, ko a ɗage gyaran gaba ɗaya zuwa wani lokaci. Ɗagewar na da nata haɗari, tunda ƙofar na nan a buɗe hanji na iya faɗawa kafin ranar.

Wata 'yar'uwarta da ya kamata a sani: idan kumburin yana ƙasa da jijiyar matsematsi, a gefen waje na tudun ƙashin mara, musamman a tsohuwa, ƙabar cinya ce, kuma in afendis ne a ciki ana kiranta da sunan De Garengeot, likitan Faransa da ya bayyana ta a 1731. Ƙofarta ƙunci gare ta, gefunanta ba sa miƙewa, don haka afendis ɗin cikinta galibi an same shi ya riga ya lalace. Babbar jijiyar jinin cinya na manne da gefen waje na ƙofar, a gefen tsakiya kuma wasu mutane na da wata jijiyar jini da ta ratsa ta wurin, wadda in aka yanke ta a makance jinin ke da wuyar tsayarwa. Ta ƙasa da wuya a kai gindi. Tsaga ta sama irin ta McEvedy ko kyamara ta fi.

Bayan aiki, afendis da ya kumbura bai fashe ba ba ya buƙatar maganin kashe ƙwayoyin cuta fiye da awa 24. Wanda ya fashe, kwana 3 zuwa 5 in an kwashe mugunyar da kyau. Zazzaɓin da ya taso daga kwana na 4 zuwa na 7 a duba rauni, in rauni lafiya a nemi taruwar mugunya a ƙasan ciki. Ɗan maraina da ya kumbura ya yi tauri cikin kwanakin farko alama ce ta an taɓa jijiyoyin igiya. Kumburi mai laushi marar zafi a wurin tsohuwar jaka yawanci ruwa ne da zai shanye da kansa, kuma a kan raga ba a soka masa allura sai da dalili mai ƙarfi.

Duk afendis da aka cire a aika shi ɗakin gwajin nama, ko da ya yi kama da lafiyayye, a kuma bi sakamakon. Wani lokaci akan tarar da ɗan ƙari a bakinsa. Wanda bai kai santimita 1 ba kuma an cire shi duka, cirewar ta isa, wanda ya haura santimita 2 yakan buƙaci a koma a yanke ɓangaren dama na babban hanji. A rubuta a takardar aiki, da ta sallama, ko an cire afendis ko an mayar da shi, ko akwai raga ko babu, a kuma faɗa wa majiyyaci da baki. Tabon da ke jikinsa na ƙaba ne, ba zai gaya wa likitan da zai gan shi da ciwon ciki bayan shekara goma komai game da afendis ba.